Yadda Na Kurmantar Da Baba Isiya

Ni bakaniken keke ne, ɗan bakaniken keke. A rumfar mahaifina da ke kan hanyar tashar jirgi a Ƙaura na koyi faci tun ban kai tsawon famfo ba, kuma da Allah Ya karɓi ransa ni na gaji rumfar da kayan aiki da sunan da ya bari. Sunan nan ya fi rumfar daraja. Mutum zai turo kekensa tun daga Kasuwar Daji, ya wuce bakanike biyar, don kawai an ce ɗan wane ba ya ha'inci. Ban yi arziki ba, amma ban taɓa kwana da yunwa ba, ina da matata da 'ya'ya biyu.

Samari, ba don ku tausaya mini nake ba ku labarin nan ba. Na yi laifi, an ɗaure ni, na fito, kuma ina nan cikin garin da na yi laifin ina cin tuwona. Masu jiran kunya ta kore ni sai su gyara zama, don za su daɗe. Abin da nake so ku ji shi ne yadda na fara, domin ba da babban abu na fara ba.

Akwai lokacin da babur ya kusa kashe mana sana'a. Sai mai ya yi tsada, ga dokokin da ake sa wa babura saboda 'yan bindiga, keke ya dawo da martabarsa. Har aka samu wasu matasa, malaman makaranta da ɗaliban kwaleji da 'yan kasuwa, suka shiga hawan keken tsere mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai. Duk Asabar da sassafe sukan taru su kama titin Moriki, wata rana har Shinkafi, a ayari ɗaya, don hanyar ta daina zama ta mutum ɗaya. In sun dawo a rumfata suke zubewa, a sayo ƙosai, a buɗe gardama.

Gardamar ɗaya ce kullum: Jimina ko Tauraro. Kamfani biyu ne na ƙasashen waje, mu dai da tambarin da ke wuyan keken muke kiransu, wannan hoton jimina a jikin tagulla, wancan tauraro. Ɗan Jimina ba zai sa sarƙar Tauraro a kekensa ba ko kyauta ka ba shi, ya gwammace ya tura da ƙafa. Ɗan Tauraro kuwa cewa yake Jimina keken tsofaffi ne. Amma a ransa kowa ya san Jimina ce uwa. Ƙarfenta ba nauyi, ba ta gajiya, kuma an daina shigo da sabuwa, sai gwanjo ɗaya-ɗaya. Na ga magidanci da gemunsa yana goge tambarin Jimina da gefen rigarsa, ɗansa na tsaye da majina bai gani ba.

Wata rana wani ɗalibi ya zo neman sarƙar Jimina. Ba ni da ita. Ina dai da wata sarƙa marar suna, ga kuma kwalin Jimina da wani ya yar a ƙarƙashin benci. Na ce ya je ya dawo. Kafin ya dawo sarƙar ta shiga kwalin. Bayan mako biyu sai ga shi, ya kafe keke yana murna, ya ce, "Oga, ka ji bambanci ko? Jimina dai Jimina ta." A ranar na gane ba ƙarfe suke saye ba, suna suke saye. Na ce a raina, tunda suna suke so, ai sai in ba su suna.

Daga sarƙa na koma birki, daga birki na koma giya da feda. Na shiga bin 'yan gwangwan ina tsintar kwalaye. Ban taɓa kiran abin sata ba. Ina ce wa kaina ai su suka so, wa ya aike su bautar tambari? Har yau ina ganin akwai wauta a bautar, wannan ban janye ba. Amma wautar wani ba ta halatta mini aljihunsa ba, kuma na san haka tun a lokacin.

Da kwaɗayi ya buɗe sosai sai na ce me zai hana in ƙera Jimina sukutum. Firam ɗin banza, wato gangar jikin keke, ba ya wuyar samu. Fenti na iya. Tambari kuma na samu wani maƙerin farfaru a wani gari yana zuba mini shi da tagulla, in binne shi cikin toka da gishiri har ya yi kamar ya shekara talatin. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a maƙogwaro, shi ne Baba Isiya.

Baba Isiya mutumin Zurmi ne, abokin mahaifina. Da keke ya yi koli tun yana saurayi, tsakanin Zurmi da Moriki da Shinkafi, har furfura ta rufe shi. A ƙasarmu ba mai sayen Jimina bai kira shi ba, al'ada ce ta zauna. Ba ya duba fenti, ba ya duba tambari. Sai ya kama sirdi ya ɗaga keken kaɗan, ya rufe ido, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da zoben azurfarsa sau uku. Ƙarfen Jimina yana da wani kuka siriri mai daɗewa, na jabu kuwa ƙwas yake yi ya mutu. In ya ce "Jimina ta," ciniki ya faɗa. In ya ce "Gwangwani na," sai mai kaya ya naɗe tabarmarsa. Ba ya karɓar ko kwabo, goro ɗaya ya ishe shi. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da sarauta. Kunnen nan shi ne duk abin da ake tashi tsaye a gaishe shi dominsa.

Na shekara ashirin ina kallonsa yana wannan aiki, don haka na san abin da shi kansa bai lura da shi ba. Wuri ɗaya yake bugawa kullum: sandar sama, wadda ta tashi daga sirdi zuwa wuya, taƙi ɗaya daga sirdin. Bai taɓa buga wani wuri ba, don a zamaninsa ba wanda zai yi tunanin keke ɗaya na iya zama da ƙarfe iri biyu. Ni na yi tunanin. Na nemo matattun Jimina, waɗanda mota ta take ko tsatsa ta cinye musu gindi, ina yanke sandunansu masu lafiya. In yanke sandar sama ta firam ɗin banza, in dasa ta Jimina a wurin, in yi walda, in goge, in shafe da fenti. Matacciyar Jimina ɗaya takan haifa mini uku.

Ranar da na fara gwada shi ba zan manta ba. Mai sayen wani malamin firamare ne, Malam Sanusi, wanda ya fi kowa gudu a ayarin nan. Ɗan Jimina ne na baki, bai taɓa mallakar ta ba, da wani tsohon keke marar suna yake wuce masu ita, suna yi masa ba'a wai limamin da ba shi da masallaci. Ya daɗe yana tara kuɗi. Shi da kansa ya je Zurmi ya ɗauko Baba. Baba ya gaishe ni, ya yi wa mahaifina addu'a, ya kama sirdi. Zoben ya sauka sau uku. Ƙarfe ya yi kukan nan siriri.

"Jimina ta," in ji Baba. Ya dube ni ya ƙara da cewa, "Ɗan abokina, ina kas samo wagga? Allah shi yi ma albarka."

Na ce amin. Da bakina na ce amin, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Na ji ni ne gwanin da ya kayar da gwani. Bayan wannan na sayar da irinta da dama, har Shinkafi ake zuwa nema, kuma kowace sai da Baba ya shaide ta. Na sayi babur, na canza rufin ɗaki. Matata ta tambaye ni ina Jiminar nan ke fitowa haka kamar fara, na ce mata ta kula da tukunyarta.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata Asabar ayari ya gangaro daga wata gada kafin Moriki, Malam Sanusi na gaba kamar kullum, ya kwanta a kan keke yana gudu. Waldar wuya ta ɓalle. Keken ya rabe biyu a ƙarƙashinsa, ya daki kwalta da ƙugu. Wurin ba wurin tsayawa ba ne, kowa ya san abin da ke cikin dajin nan, haka abokansa suka tare motar hatsi suka ɗora shi kan buhuna yana ihu. Ƙashin ƙugu ya karye. Da suka tattaro keken suka ga walda ƙarƙashin fenti, kafin la'asar 'yan sanda na rumfata.

Yanzu ku saurara, don nan ne laifina na gaske yake. A gaban alƙali na rantse cewa ni ma haka na sayo kekunan. Na ce, "Ranka shi daɗe, Baba Isiya da duk ƙasag ga ta yarda da kunnenai, shi yac ce Jimina ta. In shi bai gane ba, ni wa? Ko dai tsuhwa ya taɓa kunnen, sai a tambaye shi." Baba na zaune a bencin shaidu. Sai ya kai hannu ya taɓa kunnensa na dama, kamar mai duba ko yana nan.

Ƙaryar ba ta cece ni ba. Maƙerin da ke zuba mini tambari ya zo ya faɗi komai, aka ɗaure ni shekara uku. Amma zancen dashen sanda ba wanda ya gano shi. Sun ga walda, sun ɗauka firam ɗin banza ne aka yi wa gyara, shi ke nan. Ni kuma na ja bakina na yi shiru. Don haka gari ya yanke wa Baba nasa hukuncin: wasu suka ce ya kurmance, wasu suka ce da shi ake rabawa.

Gidan yari ba zan tsaya ba ku labarinsa ba. Akwai ƙwarƙwata, akwai gabza, akwai dogon yini. Shekarar farko da fushi na yi ta, ina zagin maƙeri, ina zagin masu bautar tambari, har Malam Sanusi ina cewa wa ya ce ya yi gudun. Sai wata ziyara matata ta zo. Na tambaye ta labarin gari, ta ce Baba Isiya ya daina zuwa Ƙaura. Ta ce ranar ƙarshe da ya shigo kasuwa, wasu 'yan tireda suka riƙa ƙwanƙwasa kwanoni suna tambayarsa, "Baba, wanga hwa, Jimina ta?" Ta ce ya jingine kekensa, ya cire zoben, ko gaisuwa in an yi masa sai ya ce a ɗaga murya.

Na ce mata ai kunnensa lafiya lau yake. Ta dube ni ta cikin ragar wayar da ta raba mu ta ce, "Kai ka shina. Shi bai shina ba."

Maganar nan ta fi ɗaurin yi mini ciwo. Mutumin da ya sa mini albarka da sunan ubana, na sace masa abu ɗaya tak da yake da shi, na kuma bar shi yana zargin kansa. Na yi kuka, ban ji kunyar 'yan ɗakinmu ba. Na tuba ga Allah, amma wani malami da muke tare ya gaya mini gaskiya, ya ce hakkin mutum ba ya faɗuwa da istigfari, sai ka mayar masa da abinsa.

Da na fito, dangi suka taru suka ce in tafi Kano ko Gusau in sake rayuwa inda ba a san ni ba. Shugabannin kasuwa suka aiko cewa kada in kuskura in buɗe rumfa. Na ce da dangi ba inda za ni. A Ƙaura na yi ɓarna, a Ƙaura zan gyara, wanda ganina ke ɓata wa rai ya kau da kai. Na bi 'yan gwangwan har na samo ɗaya daga cikin kekunan da na ƙera, mai shi ya yar da shi don haushi. Na saɓa shi a kafaɗa na ratsa tsakiyar kasuwa da rana tsaka, ana nuna ni ana cewa ga Jimina ya dawo. Ban sauya hanya ba.

Gidan Malam Sanusi na fara zuwa. Ya fito yana ɗingishi da sanda, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Keke kam ya yi sallama da shi har abada. Na durƙusa na faɗa masa komai, har dashen sandar. Ya daɗe yana kallon firam ɗin.

"Ni ban yahe ma ba," ya ce. "Kak ka zaci don kai ni ka yi. Amma tsohon ga ni niɗ ɗauko shi daga Zurmi, kuma ni niz zage shi gaban mutane ina kwance asibiti. Assabat za ni tara ma su."

Ya cika alkawari. Ranar Asabar ayari ya bar titin Moriki ya kama na Zurmi, 'yan Jimina da 'yan Tauraro duka, ni da Malam Sanusi muna biye a mota. Muka tarar da Baba a ƙofar zaurensa. Ya rame, ya zama ɗan tsoho sosai. Da ya gan ni ya yunƙura zai shiga gida, Malam Sanusi ya roƙe shi ya zauna. Maƙwabta suka taru. Wani daga cikin matasan ya ce a kore ni, ɗan gidan yari ba shi da abin faɗa. Na ce masa ɗan gidan yari ne kaɗai ya san abin da ke cikin ƙarfen nan, in ya gama zagin ya matsa in yi aiki.

Na ciro zarto na yanka firam ɗin gunduwa-gunduwa a gabansu. Na kankare fenti, na jera sandunan a kan tabarma. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ku shaida. Sandag ga ta bisa Jimina ta, ta gaske. Saura duk gwangwani na. Ni nid dasa ta, don na san nan Baba ka bugu. Kunnenai bai taɓa ƙarya ba. Ni niy yi ƙarya, har gaban alƙali."

Baba ya girgiza kai. Ya ce a ƙyale shi, shi kunnensa ya mutu tuntuni. Malam Sanusi ya ce, "Baba, don Allah juya baya." Da ƙyar ya juya. Malam Sanusi ya ciro makullinsa, ya ɗauki sanda ɗaya ya buga. Baba ya ce a hankali, "Gwangwani." Aka buga wata. "Gwangwani." Aka ɗauki ta saman, aka buga, kukan nan siriri ya tashi. Na ga kafaɗunsa sun motsa. Sai da kukan ya mutu, sannan ya ce, "Jimina." Aka cakuɗa sandunan aka sake, aka sake, har wani ɗan Tauraro ya kawo nasa keken don ya rikita shi. Ko sau ɗaya bai kuskure ba.

Matasa suka hau kabbara da tafi. Baba bai yi murna ba. Ya juyo hawaye na bin gemunsa, ni kaɗai yake kallo.

"Kai yaro," ya ce, "zagin mutane bai dame ni ba. Ni hwa na yarda da su. Shekara ukku ina hwaɗa ma kaina kurma nike. Har asibiti nit tahi anka wanke min kunne. Jikokina na magana, ina ji, in ce a'a, ƙila ba haka sunka ce ba."

Na faɗi gabansa na roƙi gafara.

"Kekuna na yahe ma," ya ce. "Shekarun ga ukku kau, ban san inda za ka samo min su ba."

Ban san inda zan samo su ba ni ma. Baba ya koma shaidar kekuna, yanzu kowace sanda sai ya buga, kuma ana tashi a gaishe shi kamar da. Ni kuma na kafa rumfa a bakin titi, wajen kasuwa, inda ba mai ikon kora ta. Ba kwali ko ɗaya a rumfar. In sarƙa marar suna ce sai in ce marar suna ce, mai so ya saya, wanda ba ya so ga hanya nan. 'Yan Jimina da yawa ba sa tsayawa wurina, ban kuma roƙe su ba. Masu kirana ɗan gidan yari ina amsawa, don gaskiya suka faɗa, kuma na fi su sanin abin da na yi.

Ku kuma samari masu sana'ar hannu, ga abin da zan gaya muku. Ranar da kuka ga abokin ciniki ya makance a kan suna, ku ji tsoron ranar, don a nan Shaiɗan ke shimfiɗa tabarma. Kada ku sa kayan wani a kwalin wani, ko da sarƙa ce, ko da mai sayen zai dawo yana godiya. Ku masu saye, ku so Jiminarku yadda kuka ga dama, amma ku duba ƙarfe, kada ku tsaya ga tambari. In kuma har kun faɗa, aka kama ku, ku ɗauki kayanku da kanku, kada ku jingina shi a jikin mutumin kirki don yana kusa. Ni ɗaurina yana da ranar ƙarewa, alƙali ya rubuta ta, na kuma ga ta zo. Ɗaurin da na yi wa Baba Isiya ba wanda ya rubuta masa rana, kuma da na bi shawarar dangi na tafi Kano, da a cikinsa zai mutu.